Idan madarar shanu ba ta karɓi yaro ba: wane madadi ne zai riƙe girmansa?

Katin awon ɗan maƙwabciyarmu ne ya tona asirin tun kafin idon kowa a gidan ya gani. Yaron yana da wata huɗu aka fara haɗa masa da madarar gwangwani saboda uwar ta koma bakin aiki, ba a yi mako biyu ba sai ga ɗigon jini da majina a kashinsa, kumatunsa suka yi ja suka bushe, dare kuwa ya koma na kuka da murɗe-murɗe. A asibiti aka ce da alama madarar shanu ba ta karɓe shi ba, a dakatar da ita. Uwar ta dakatar, amma tsoro ya sa ta zarce da abin da ba a ce mata ba, domin da ya isa cin abinci sai ta hana shi ƙwai da gyaɗa da kifi da wake, ta tsayar da shi a kan koko da kunun aya, alhali nononta ya riga ya ja baya. Jinin ya ɗauke, fatar ta yi sumul, kowa ya yi hamdala. Sai da ya cika wata tara aka kai shi allurar ƙyanda, ma'aikaciyar awo ta ɗora shi a sikeli, ta ɗiga alama a katin ta haɗa ta da alamomin baya, sai layin da ya kamata ya riƙa hawa ya fito a kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Wata uku ke nan yaron bai ƙara nauyin a zo a gani ba.

Hana yaro abin da ke tayar masa da ciwo abu ne mai sauƙi, kowace uwa za ta iya shi a rana guda. Wahalar tana wajen cike gurbin, domin kofi ɗaya na madarar shanu, wato mililita 250, yana ɗauke da furotin kusan giram 8 da kalsiyam kusan miligiram 300, ga maiƙo da bitamin B12 da B2, kuma ga jaririn da ba ya shan nonon uwa madarar gwangwani ita ce abincinsa kacokan. Don haka iyayen da aka ce wa su cire madara suna da zaɓi a gabansu, ko sun sani ko ba su sani ba, kuma madadin da ake ambata musu, daga na likita har na kaka, ba su zo ɗaya ba ko kusa.

Kafin a kai ga madadi, wajibi ne a tabbatar cewa matsalar ita ce ake zato. Rashin jituwa da furotin ɗin madara iri biyu ne. Akwai mai gaggawa, wanda ke bayyana cikin mintuna zuwa awa biyu da borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, wani lokaci har da sarƙewar numfashi da ke buƙatar allurar adrenalin nan take. Akwai kuma mai jinkiri, irin na ɗan maƙwabciyarmu, wanda sai bayan awanni ko kwanaki yake fitowa da gudawa, jini a kashi, ciwon ciki ko bushewar fata mai ƙaiƙayi. Dukansu dabam suke da kasa narkar da laktos, wato sukarin cikin madara, wanda ke kawo kumburin ciki da zawo kawai, yake kuma yawan biyo bayan gudawa mai tsanani sannan ya wuce da kansa. Wani babban bincike mai suna EuroPrevall da ya bi jarirai sama da 12,000 a ƙasashe tara na Turai ya gano cewa waɗanda gwaji ya tabbatar musu da rashin jituwa da madara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ko da yake iyayen da ke zargin madara sun ninka haka nesa ba kusa ba. Hanyar tabbatar da iri mai jinkiri ita ce a cire madarar na mako biyu zuwa huɗu, idan alamun suka tafi a sake dawo da ita a ga ko za su dawo. Wannan mataki na biyu shi ne aka fi tsallakewa, kuma na fahimci dalili, domin babu uwar da ke son taɓo abin da ya lafa. Amma yaron da ba a sake gwada shi ba yana iya shafe shekara biyu a kan takunkumin da bai taɓa buƙata ba. Gwajin jinin nan na IgG da wasu ɗakunan gwaji ke tallatawa, wanda ke fitar da dogon jerin abinci ashirin ko talatin da wai jiki ba ya so, ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun daɗe da cewa ba ya nuna ciwo, abin da yake nunawa kawai shi ne mutum ya saba cin abincin.

Batun girma kuwa an auna shi, ba hasashe ba ne. A Finlan a 1998 an bi yara 100 masu rashin jituwa da madara aka ga tsawonsu da nauyinsu sun ja baya idan aka kwatanta da tsararrakinsu. A jihar Akansas ta Amurka a 2002 an ga cewa yaran da aka hana abinci iri biyu ko fiye sun fi waɗanda aka hana iri ɗaya gajarta. A Isra'ila a 2019 an auna matasan da suka tashi ba sa shan madara tun suna jarirai, aka tarar ba su kai tsawon da ake sa ran su kai ba. Waɗannan duk ƙasashe ne da shaguna ke cike da abinci iri-iri. A wajenmu kuwa, binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna yara 37 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma adadin ya kai 57. Yaron da za a cire wa madara a Katsina ko Maraɗi sau da yawa ba shi da rarar jikin da zai jure kuskure.

Nonon uwa da madarar gwangwani ta musamman

Ga jariri ɗan ƙasa da wata shida zaɓi na gaskiya biyu ne kacal, nonon uwa ko madarar da aka sarrafa musamman domin wannan lalura, kuma nonon uwa ya sha gaba ta kowace fuska. Bai taɓa yankewa a kasuwa ba, ba ya buƙatar tafasasshen ruwa, yana kare yaro daga gudawar da ita kanta ke cinye nauyi. Abin da iyaye mata da yawa ba su sani ba shi ne, jaririn da ciwonsa ya taso sai bayan an ba shi madarar gwangwani, yana kuma lafiya lau a lokacin da yake kan nono zalla, yawanci ba ya buƙatar uwarsa ta canza komai a abincinta, domin furotin ɗin shanu da ke ratsawa cikin nononta ɗan mitsitsi ne ƙwarai. A mayar da shi kan nono kawai. Ko da nonon ya ja baya, yawan ɗora yaro a ƙirji dare da rana da tatsa a tsakani na iya dawo da shi cikin 'yan makonni, kuma da maƙwabciyarmu ta sami wanda ya gaya mata haka a wata na huɗu, da labarin ya canza.

Sai idan alamun sun bayyana yaro yana kan nono zalla ne ake neman uwa ta ƙaurace wa madara, shi ma na mako biyu zuwa huɗu a matsayin gwaji. A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fura da nono na cikin abin da ake ɗura wa mai jego don nono ya kawo, ga man shanu a tuwo da miya, ga madara a shayin safe, ga kindirmo da yogot da cuku da alawar madara. Idan ta bar waɗannan duka, ita ma tana buƙatar madadi: kalsiyam miligiram 1000 a rana da bitamin D, wanda galibi sai an haɗa da ƙwaya, da kuma isasshen wake, ƙwai, kifi da nama. Naman shanu da ya dahu bai shiga cikin haramcin ba ga mafi yawan yara da iyayensu. Idan mako huɗu suka cika babu canji a jikin jaririn, to ba madara ba ce, uwa ta koma shan furarta. Illar wannan zaɓi ɗaya ce, nauyin duka yana kan mace ɗaya, kuma na ga matan da aka yi ta rage wa abinci, yau a ce ƙwai gobe a ce gyaɗa, har suka rame suka yaye yaro da wuri don gajiya, wanda shi ne mafi munin sakamako.

Inda nonon uwa bai samu ba ko bai isa ba, madarar musamman iri biyu ce. Ta farko madarar shanu ce da aka daddatsa furotin ɗinta ƙanana-ƙanana har garkuwar jiki ta daina gane shi, irin su Nutramigen, Aptamil Pepti da Similac Alimentum. Ƙa'idar da aka gindaya wa irin wannan madara ita ce aƙalla yara tara cikin goma masu lalurar su iya shanta lafiya, shi ya sa ita ake fara ba mafi yawan jarirai. Ta biyu ba ta da furotin ɗin shanu ko kaɗan, an haɗa ta ne daga ƙwayoyin amino, wato tubalan da ake gina furotin da su, irin su Neocate, EleCare da Alfamino. Ana ajiye ta ne domin yaron da ya taɓa sarƙewar numfashi, ko wanda girmansa ya tsaya sosai tare da rashin jituwa da abinci da yawa, ko wanda ya yi mako biyu zuwa huɗu a kan ta farko bai sami sauƙi ba. Ta fuskar gina jiki dukansu cikakku ne, yara suna girma a kansu yadda ya kamata, don haka babu wata riba a tsallake ta farko a sayi ta biyu don kawai ta fi tsada, ko da yake mu kan ɗauka abin da ya fi tsada ya fi kyau.

Tsadar ce ma babbar matsalar. Jariri mai kilo biyar yana shan kusan mililita 750 a rana, wanda ke cin garin madara wajen giram 100, ke nan gwangwani mai giram 400 kwana huɗu zai yi, wata guda kuma ya ci gwangwani bakwai ko takwas na kayan da daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin canjin dala, kuma ba kowane kantin magani ke da su ba ko a Kano da Kaduna, balle a ƙauye. Daga nan ne ake faɗawa tarkon ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe, cokali uku a inda aka ce biyar, yaro ya cika ciki da ruwa ya yi barci, sikeli kuma ya ƙi motsi. Maigidan da zai zaɓi wannan hanya ya yi lissafin wata shida tun daga farko, ya kuma san inda zai samo gwangwani na gaba kafin na hannu ya ƙare. Sai kuma ɗanɗano: madarar tana da ɗaci da wani wari, ƙaramin jariri yakan karɓe ta ba musu, amma wanda ya haura wata shida yakan ture kwalbar, sai an yi ta haƙuri ana ba shi kaɗan-kaɗan. Kashin yaro kan koma kore da ɗan ruwa-ruwa a kanta, wannan ba ciwo ba ne. Akwai kuma abin da ya shafi Musulmi, wasu kamfanoni suna amfani da sinadarin narkarwa da aka samo daga jikin alade wajen daddatsa furotin ɗin, wasu kuma sun koma na tsirrai ko ƙwayoyin halitta har sun sami shaidar halal, don haka a duba jikin gwangwanin, idan kuma babu wani sai wancan, hukuncin lalura sananne ne a wajen malamai.

Gwangwani biyu na yaudarar masu saye a nan. Wadda aka rubuta wa HA an daddatsa furotin ɗinta ne sama-sama, ba ta dace da yaron da lalurar ta riga ta kama ba. Wadda aka cire wa laktos kuwa furotin ɗin shanunta yana nan daram.

Waken soya, akuya da raƙumi

Madarar gwangwani ta jarirai da aka yi da waken soya, irin su Isomil, ita ce ke tsaye a tsakiya. An ƙara mata kalsiyam da sinadarin ƙarfe da bitamin yadda za ta riƙe jariri, ta fi waɗancan araha da sauƙin samu, ɗanɗanonta kuma yara ba sa gudunsa. Likitocin yara na Turai ba sa son a fara ta kafin wata shida, saboda sinadaran da ke cikin waken masu kama da na jikin mace da kuma waɗanda ke rage tsotsar ma'adanai a hanji, sannan kusan yaro ɗaya cikin kowane takwas zuwa goma masu iri mai gaggawa ba ya jituwa da waken ma, a iri mai jinkiri da ya shafi hanji kuwa adadin ya fi haka. Duk da wannan, a ra'ayina, ga yaron da ya wuce wata shida a gidan da ba za a iya ɗaukar nauyin gwangwani takwas na madarar musamman a wata ba, madarar soya da aka haɗa daidai ta fi madarar musamman da aka tsinka da ruwa, muddin an gwada ta a ƙarƙashin idon likita an ga ta zauna. Kada dai a haɗa ta da madarar waken soya ta gida, wadda ake jiƙawa a markaɗa a tace a dafa. Wannan tana da furotin mai kyau, amma kalsiyam ɗinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na madarar shanu ba, kuma ba abincin jariri ba ce.

Nonon akuya shi ne shawarar da ta fi saurin zuwa daga manya. A gidan maƙwabciyarmu surukarta ce ta kawo shi a ƙaramar kwalla, tana cewa, "Ke 'yar nan, mu da nonon akuya muka ga ana rainon marayu, me zai gagara a nan?" Ita kuwa ta ce, "To Inna, bari in tambayo su a asibiti tukuna," kuma wannan jinkirin ya yi amfani. Maganar Inna gaskiya ce game da marayun da ba su da wata lalura, amma furotin ɗin nonon akuya da na tunkiya ya yi kama da na saniya ƙwarai har jiki ba ya bambance su. A wani gwaji da aka yi a birnin Rum na Italiya a 1999, yara 26 masu rashin jituwa da madarar shanu aka ba nonon akuya, 24 daga cikinsu ciwon ya tashi. Ban da haka, nonon akuya yana da ƙarancin sinadarin folet, jaririn da ya dogara da shi yakan kamu da ƙarancin jini. Wannan zaɓi a cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Nonon raƙumi, wanda ake samu a Agadas da Sakkwato da wasu unguwannin Kano, ya ɗan bambanta, domin ba shi da ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke tayar da ciwon, kuma ƙananan bincike sun nuna yara da dama suna shansa lafiya. Amma ba dukansu ba, sannan ba a tsara shi don cikin jariri ɗan ƙasa da shekara ba, kuma yadda aka saba shansa ɗanye yana iya jawo zazzaɓin burusela. Ga yaron da ya girma, bayan gwaji a asibiti, tafasasshe, ana iya duba shi.

Mafi haɗari a cikin jerin su ne abubuwan sha masu launin madara. Kunun aya, ruwan shinkafa, madarar kwakwa, duk farare ne, suna da daɗi, yaro yana shanye su, ido kuma yana yaudarar uwa cewa ta maye gurbin abin da ta cire. Ruwan shinkafa na kwali furotin ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na madarar shanu ba. A 2001 likitoci a Atlanta ta Amurka suka ba da rahoton wani yaro ɗan wata 22 da ya kamu da tamowa mai kumburi saboda an mayar da ruwan shinkafa abin shansa, da wani ɗan wata 17 da ƙasusuwansa suka lanƙwashe a kan ruwan soya marar ƙarin kalsiyam da bitamin D, kuma iyayen duka biyun masu ilimi ne. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ma ta ba da shawarar kada a ba ƙananan yara ruwan shinkafa a madadin madara saboda sinadarin arsenik mai guba. Kunun aya abin marmari ne mai kyau ga ɗan shekara biyu, amma cikin da ya cika da shi ba ya neman abinci, kuma wasu masu sayarwa suna zuba masa madara don ya yi kauri.

Abin da tukunya za ta iya da abin da ba za ta iya ba

Daga wata shida abinci ya fara shiga, bayan shekara kuma shi ne ginshiƙi, a nan ne iyaye ke tambaya ko abincin gida kaɗai zai wadatar. Ta fuskar furotin da kuzari amsar ita ce e, idan ba a tsaya kan koko tsararo ba. Garin kunun da ake haɗawa da gero ko dawa da waken soya da gyaɗa, wanda ake kira Tom Brown, idan aka dama shi da kauri aka sa cokalin man gyaɗa ko manja, ya ninka koko amfani. Ƙwai, alale, faten wake, dakakken kifi, hanta sau ɗaya a mako, duk suna cike abin da madara ta bari, har su fi ta wajen sinadarin ƙarfe.

Kalsiyam ne ke ba da wahala. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar kusan miligiram 700 a rana, ɗan huɗu zuwa takwas kuma 1000, kuma hatsinmu ba shi da shi sosai, ƙari ga haka dusar gero da dawa tana ɗauke da sinadarin da ke riƙe ɗan wanda ke akwai, ko da yake jiƙawa da barin gasara ta yi tsami suna rage wannan. Shaidar tana kusa da mu. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi nazarin yara 123 masu gwame da bauɗewar ƙafa, suka tarar abin da suke samu na kalsiyam a rana wajen miligiram 200 ne kacal, kuma a sakamakon da suka fitar a 1999 waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Wato a ƙasar da rana ba ta yankewa, rashin kalsiyam a abinci kaɗai ya isa ya lanƙwasa ƙafar yaro, kuma waɗannan yara ba ma wanda ya hana su madara da gangan. Daga baya masu binciken suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, suka ga yana warkar da ciwon. Wannan darasi ne da kowace uwa za ta iya ɗauka: ƙananan busassun kifi a gasa su sama-sama, a daka har ƙashin ya zama gari, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali a miya ko fate. Kuka da zogale da riɗi suna taimakawa, sai dai abin da yaro ke ci daga cikinsu kaɗan ne. Awara tana da furotin sosai, amma tamu da ruwan tsami ko tsamiya ake haɗa ta, ba da gishirin kalsiyam ba kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, don haka kada a lissafa ta a matsayin madadin madara ta wannan fuska. Gaskiyar magana, yaron da ba ya shan nonon uwa, ba ya kuma shan madarar da aka ƙara wa kalsiyam, da wuya tukunya kaɗai ta kai shi 700, kuma ya fi kyau likita ya rubuta masa na sha. Uwar da ta ci gaba da shayarwa har shekara biyu ta rage wa kanta wani ɓangare na wannan damuwa.

Akwai wani zaɓi da ke ƙarƙashin duk waɗannan, wato a cire abu ɗaya da aka tabbatar ko a cire duk abin da ake tsoro. Cirewa da yawa tana kama da taka-tsantsan, amma tana da hasara biyu. Ta farko ita ce ta sikeli, wadda muka gani. Ta biyu ta fi ban mamaki, domin jikin da aka raba da abincin da ya saba yana iya juya masa baya. A Shikago ta Amurka a 2016 an duba bayanan yara kusan 300 da ake zargin abinci ne ke tayar musu da ƙaiƙayin fata, aka tarar a cikin waɗanda aka cire wa wasu abinci kusan ɗaya cikin biyar ya koma yin borin jini na gaggawa ga abinci, abin da ba ya yi a da. Binciken LEAP na Landan, wanda Gideon Lack ya jagoranta aka fitar a 2015, ya nuna cewa a cikin jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, waɗanda aka fara ba gyaɗa da wuri sun sami raguwar rashin jituwa da ita da kusan kashi 80 cikin ɗari a kan waɗanda aka hana. Saboda haka yaron da madara ce kaɗai matsalarsa a ba shi ƙwai dafaffe da tunkuza ko kunun gyaɗa marar madara da kifi a kan lokaci, ɗaya bayan ɗaya. Wanda fatarsa ta yi tsanani sosai ko ya taɓa kumbura, a fara tuntuɓar likita kafin gyaɗa da ƙwai.

A ɗaya ɓangaren, abin da aka tabbatar a cire shi da gaske. Madara tana ɓuya a biskit, kek, cakulan, Milo, yawancin nau'o'in Cerelac, da garin madara mai araha da aka sa wa man tsirrai, wanda furotin ɗinsa na shanu ne. A jikin kwali a nemi kalmomin milk, whey da casein, a Nijar kuma lait, lactosérum da caséine. Ludayin mai fura da ya shiga ƙwaryar nono ya isa ya tayar wa mai iri na gaggawa. Haka kuma abincin tamowa na leda da ake rabawa a cibiyoyi, irin Plumpy'Nut, da gyaɗa da garin madara ake yin sa, don haka idan har yaro ya kai ga tef ɗin damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a faɗa wa ma'aikatan lalurarsa tun kafin su miƙo ledar.

Kowane madadi aka ɗauka, sikeli da ma'aunin tsawo ne alƙalai: nauyi kowane wata a shekarar farko, tsawo duk bayan wata uku, domin tsawo ne ke fara nuna gazawa ta dogon lokaci a yaran da ke da wannan lalura. Takunkumin kuma yana da wa'adi. A binciken EuroPrevall, kusan yara bakwai cikin goma sun koma shan madara lafiya shekara guda bayan an gano lalurar, ciki har da duk masu iri mai jinkiri. Bayan wata shida da cirewa, ko idan yaro ya kai wata tara zuwa shekara, ana fara dawo da ita daki-daki, daga wadda aka gasa cikin fulawa kamar biskit, domin zafin tanda yana canza siffar furotin ɗin, kuma wani bincike a New York a 2008 ya nuna yara uku cikin huɗu masu lalurar suna cin irin wannan lafiya. Mai iri mai jinkiri marar tsanani ana iya yi masa a gida bisa tsarin likita. Wanda ya taɓa kumbura, ko sarƙewar numfashi, ko amai mai galabaitarwa, a asibiti kaɗai ake gwada shi.

Ɗan maƙwabciyarmu madarar soya ta gwangwani aka ɗora shi a kai, bayan mahaifinsa ya yi lissafin ta musamman ya ga ba za ta ɗore ba, aka yi mako biyu ana duba kashinsa ba a ga jini ba. Aka dawo masa da ƙwai, bayan kwana uku gyaɗa, bayan wasu ukun garin kifi a faten dankali, babu wanda ya tayar masa da komai. A awo na biyu layin katin ya ɗaga kai. Yana da wata goma sha biyar aka ba shi rabin biskit mai madara da safe, uwar ta wuni tana leƙa wandonsa, ba a ga komai ba. Yanzu yana cin kek, kindirmo ne mataki na gaba, kuma Inna ta riga ta yi wa mai nonon da ke kawo musu magana.